Muryar Talaka: Tarihin Jarida, Waƙa da Wasan Kwaikwayo a Siyasar Ƙasar Hausa

A watan Janairun 1939 aka buga fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East kuma yana shugabantar Hukumar Talifi da ta ɗauki nauyinta. Turawan mulki ba don talaka ya yi magana suka kafa ta ba. Yaƙi yana ƙaratowa a Turai, jita-jita ta cika kasuwanni, jaridun Ikko suna ta caccakar gwamnati, sai aka ga ya kamata a sami takardar da za ta riƙa kai maganar hukuma ga mutanen Arewa cikin harshensu, a kan kwabo guda. Amma da jarida ta shiga gari, sai wasiƙu suka fara kwararowa ofishin edita. Malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan En'e, kowa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Kwafi ɗaya kan zagaya unguwa, mai ilimin boko ya karanta da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya, jama'a suna saurare suna tofa albarkacin bakinsu. A 1943, lokacin da Imam ya je Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana bayyana masa kukan matasan Arewa masu ilimi game da yadda En'e ke tafiyar da mulki.

Tun daga nan tarihin kafafen watsa labarai a ƙasar Hausa ya kama hanyar da yake kai har yau. Mai mulki ne ke kafa su don ya yi wa jama'a magana, jama'a kuma su yi ta neman kafar da za su mayar masa da amsa. Duk wani ci gaba na dimokuraɗiyya da aka samu a wannan yanki, in ka bi sawunsa, za ka tarar ya zo ne a lokacin da amsar ta sami hanyar fita.

Ba wai kafin jarida Bahaushe bebe ba ne. Bayan kaka, in an kai amfanin gona rumbu, samarin ƙauye kan yi kalankuwa. Su naɗa sarkinsu da waziri da alƙali, daga baya har da Di'o da 'yan doka. Ka ga saurayi ya sha rawani aro, ya kumbura kumatu, yana tafe yana taƙama irin ta hakimin da kowa ya sani, wani kuma ya shafa farar ƙasa a fuska yana gwaranci da Hausar Bature, an gurfanar da mai laifi, alƙali ya karɓi toshiya a gaban kowa ya juya hukunci. Dattawa suna gefe suna dariya, sun kuma san da wa ake. Da azumi yara su yi tashe, su kwaikwayi malamin tsibbu da mai rowa da mijin da ba ya riƙe gida. A cikin gidan sarauta mata na wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa, sarki ya ga halinsa da idonsa. A Damagaram akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan ƙasa. 'Yan kama da 'yan gambara su ma suna da bakin faɗar abin da wani ba ya iyawa. Sai dai duk wannan 'yanci ne na 'yan kwanaki, kuma na wasa. In an watse, haraji da jangali suna nan yadda suke. Abin da 'yan siyasar farko suka yi shi ne, suka ɗauki wannan gado suka fitar da shi daga lokacin biki suka kai shi fagen neman mulki.

A Bauci abin ya fara nuna. Malam Sa'adu Zungur, malami masanin Alƙur'ani da Larabci da boko, ya haɗu da wani matashin malamin Midil, Aminu Kano, wanda tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo yana fallasa zamba a kasuwa da zaluncin masu riƙe da sarauta. A 1943 aka buɗe zauren muhawara a garin, Turawa da ma'aikatan En'e da malamai suna zama tare. Da tambayoyi suka yi zafi har suka taɓo albashin sarakuna, sai aka rufe zauren. Sa'adu ya koma ga alƙalami. Waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta yi wa sarakuna gargaɗi su gyara tun kafin zamani ya gyara su, an kuma haddace ta a wuraren da ba a taɓa ganin jarida ba.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano. Abin lura ne cewa cikin takwas ɗin akwai marubucin waƙa, Mudi Sipikin, akwai kuma ɗan jarida, Magaji Ɗambatta, wanda ya yi aiki a jaridar Comet ta Azikiwe da ake bugawa a Kano. Jam'iyyar ba ta da kuɗi, ba ta da dogarai, ba ta da gidan rediyo. NPC kuwa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sarakuna da hakimai da alƙalai suna bayanta. To da me talaka zai yi yaƙi? Da lacca da waƙa. Mai waƙa irin Gambo Hawaja na Jos zai tsara baitoci a kan kamen ƙauye da aikin tilas da cin zalin 'yan doka, ya rera a wurin lacca, jama'a su karɓa masa amshi. Kafin mako ya zagayo, direbobi da 'yan kamasho sun kai waƙar tasha-tasha, teloli suna yin ta a bakin keke, mata suna yin ta a bakin turmi. Amshin nan shi ne sirrin abin. Wanda ya karɓi amshi ya daina zama ɗan kallo, ya shiga maganar da bakinsa, kuma ya san in ɗan doka ya ji shi zai iya kwana a gidan yari.

An kuwa kwana. Sai da izinin En'e ake lacca, izinin kuma ba ya samuwa. An ɗaure mutane saboda waƙa, an yi wa wasu bulala a gaban alƙali da sunan sun zagi sarki, 'yan bangar da ake kira 'yan Mahaukata sun fasa taruka a Kano. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, alhali a lokacin macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979, matan Arewa suka jefa ƙuri'a. Wato shekara ashirin da wani abu suna cikin siyasa da muryarsu kafin doka ta yarda su shiga da hannunsu. Ita ma NPC tana da nata mawaƙan, makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina sun wasa Sardauna, kuma gaskiya ita ce ɓangarorin biyu duk sun yi zambo da zagi da ya wuce kima. Haka kuma waƙa ba ta isa ta karya dokar zaɓe ba. A 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a tsakiya, ya hana ta ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna. Duk da haka, a waɗannan shekaru ne manomi da ɗan ƙoli suka fara jin cewa hakimi ma ana iya tambayarsa, kuma wannan ji bai sake fita daga zukatan mutane ba.

Rediyo ta shigo ne da siffar mai ba da umarni. A 1944 aka fara ja wa Kano waya ana rataye akwatuna a kasuwa da ƙofar fada da gidajen masu hali, tasha ɗaya tak, ba ka da abin yi sai ka ƙara murya ko ka rage. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda gajeren zangonsa ya kai har Agadas da Kumasi da Fort Lamy. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, sai ta zama abokiyar makiyayi da mai shayi da maigadi. Gidan Kaduna na gwamnati ne, ba ya ɓoye hakan, amma shirye-shirye irin Zaɓi Sonka sun sa mutumin ƙauye ya ji an ambaci sunansa da na garinsu a iska, wasannin su Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero sun sa an yi dariyar soja da ma'aikaci, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota da lebura waƙa a zamanin da waƙa ta sarakuna da attajirai ce.

A Nijar kuwa aka gwada wani abu da ya fi wannan zurfi, wanda mutanen Najeriya da yawa ba su san da shi ba. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo. A ƙauye za a sami malamin makaranta ko ma'aikacin gona a ba shi rediyo da na'urar ɗaukar magana. Da dare jama'a su taru su saurari shiri a kan bashin iri, ko farashin gyaɗa, ko rijiya, ko awon ciki. In shiri ya ƙare sai a buɗe muhawara, shi kuma ya kunna na'ura ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. A aika faifan Yamai, a tace, a sako shi a shiri na gaba, manomin Tasawa ya ji abin da na Dogon Dutsi ya ce, minista ma ya ji. Wannan fa a ƙarƙashin mulkin jam'iyya ɗaya na Diori Hamani ne, bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, saboda haka iyakar maganar a bayyane take: a yi ta gona da lafiya, kada a taɓa kujera. Haka Janar Seyni Kountché ya yi da ƙungiyar matasa ta Samariya bayan 1974, ya raya wasan kwaikwayo da gasar matasa ta ƙasa, har 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka yi suna da wasannin Hausa masu taɓa cin hanci da son zuciyar ma'aikata, amma akala tana hannun soja. Duk da wannan ƙaidi, mutanen karkarar Nijar sun saba da jin muryar irinsu a rediyo tun da wuri, sabon nan kuma ya yi rana daga baya.

A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Michael Etherton, tare da malamai da ɗalibai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah. Ɗakin wasansu ma da jar ƙasa aka gina shi, da siffar gidan Bahaushe. Sun karanta Paulo Freire da Augusto Boal na Birazil, sun kuma ji labarin abin da ake yi a Botswana, sai suka ce wasa ya bar harabar jami'a. Suka fara da Samaru, garin da ke maƙwabtaka da su, sannan a 1977 suka je Soba da Wasan Manoma, a daidai lokacin da gwamnatin Obasanjo ke shelar shirin ciyar da ƙasa. Daga baya aka je Maska da Bomo.

Da farko ɗalibai kan shiga ƙauye su yi tambayoyi, su koma makaranta su shirya wasa, su dawo su nuna. Ba a daɗe ba suka gane cewa wannan ma wa'azi ne daga sama, bambancinsa kawai mai wa'azin ya sa kayan wasa. Sai suka sauya. Aka koma zama da manoma ana ƙulla labarin tare, kuma ba a rufe ƙarshensa. Misali, an nuna manomi ya je neman takin gwamnati, an ce ya ƙare, ga shi kuwa yana ganin buhuna ana lodawa a motar ɗan kasuwa. A nan sai a tsayar da wasa a juya ga jama'a: to ku, in ku ne, yaya za ku yi? Wani ya ce a kai ƙara wurin dagaci. A ce masa bismilla, shigo fili ka kai. Ya shiga, wanda ke fitowa a dagaci ya yi masa irin amsar da dagaci kan yi, jama'a su fashe da dariya don sun san haka ne. Wani ya ce a haɗa kuɗi a je birni a sayo gaba ɗaya, a gwada wannan ma, a ga inda zai ci tura. Kafin magariba mutanen gari sun tattauna taki da filayen da ake ƙwace musu da bashi, a bainar jama'a, mai unguwa yana zaune. A ganina, a duk tarihin nan babu inda aka kusanci ainihin dimokuraɗiyya kamar wannan fili, domin a nan talaka ba labarinsa ake bayarwa ba, shi ke gwada mafita da kansa.

Aikin yana da rauninsa, su ma masu yin sa sun faɗa. Ɗalibai kan koma makaranta, manomin da ya buɗe baki shi za a bari da dagaci. Sannan da ƙungiyoyin agaji suka gano amfanin dabarar, da yawa sun mayar da ita hanyar isar da saƙon da aka riga aka rubuta a ofis, na rigakafi ko tsafta, aka cire tambayar da ke cikinta. Amma masu mulki a Afirka sun san nauyin abin. A Kenya, a wannan shekara ta 1977, Ngugi wa Thiong'o ya shirya wasa da manoma da leburori a ƙauyen Kamiriithu cikin harshen Kikuyu. Aka tsare shi kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin da mutanen ƙauyen suka gina da hannunsu.

Jamhuriya ta biyu ta nuna cewa kafar watsa labarai na iya zama abin kai wa hari. Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya kafa jaridar Triumph da Albishir da Alfijir ta ajami, ya kuma buɗe gidan talabijin na jiha. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano, tarzoma ta ɓarke, aka cinna wa gidan rediyon Kano wuta, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, wanda shi ma tsohon ma'aikacin rediyo ne. Zamanin soja da ya biyo baya sananne ne: Doka ta 4 ta 1984 da ta ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor, da bam ɗin da ya kashe ɗan jarida Dele Giwa a 1986. A shekarun nan mutanen Arewa suka ƙara manne wa BBC da Muryar Amurka da ta Jamus, don a can ake jin abin da gidajen gida ba sa iya faɗa.

A Nijar ne rediyo ta yi aikin da ba za a manta ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy a Yamai. Cikin watanni kaɗan Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haske, jarida mai zaman kanta. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano zuwa ofishin firaminista saboda mace ɗaya kawai aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Taron ya buɗe ranar 29 ga Yuli ya rufe 3 ga Nuwamba, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, masanin tarihi kuma marubucin wasan kwaikwayo. Rediyon gwamnati ta riƙa watsa zaman kai tsaye. Wata uku mutane suna maƙale da rediyo a kasuwa da ofis da gona, suna jin ana yi wa hafsoshin soja da tsofaffin ministoci tambayoyi a kan kisan ɗalibai da na Cin Tabaradan da dukiyar ƙasa, har shugaba Ali Saibou da kansa ya bayyana gaban taron. Mutumin da ya ji wannan da kunnensa, da wuya a sake gaya masa cewa mai mulki ya fi ƙarfin tambaya. A 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, cikinsu har da Anfani ta Grémah Boukar, wadda sojoji suka rufe a 1996 bayan juyin mulkin Ba'are, aka kuma farfasa kayanta a shekarar da ta biyo.

Najeriya ta ba da damar kafa gidaje masu zaman kansu da dokar 1992, amma Kano ba ta sami nata ba sai a ƙarshen 2003, da aka buɗe Freedom Radio. Zuwanta ya yi daidai da zuwan wayar salula, sai abubuwa biyun suka haɗu. Shirye-shirye irin In Da Ranka da Kowane Gauta suka sa mai unguwar da ba ruwa, da ɗan fansho da aka hana haƙƙinsa, suka sami inda za su kai kuka, kwamishina kuma ya san gobe da safe za a neme shi ya amsa. Wannan alheri ne babba. Sai dai a nan ne kuma aka haifi sojojin baka, masu sayen fili su yabi ubangidansu su ci mutuncin abokin hamayyarsa. Waƙar siyasa ma ta koma haka. A da mai waƙar NEPU gidan yari yake tsammani, yau mawaƙin jam'iyya mota da kujerar Makka yake tsammani, amshin da matasa ke karɓa kuwa sunan ɗan takara ne kawai, babu taki babu makaranta a ciki. Ita ma hukuma ba ta saki sanda ba. Tsakanin 2007 da 2009 an ɗaure ko an kama 'yan fim da mawaƙa a Kano, cikinsu har da Adam Zango da Hamisu Iyan-Tama da Rabilu Musa Ibro da Aminu Ala. A Nijar ɗan jarida Moussa Kaka ya yi fiye da shekara a tsare daga 2007, bayan juyin mulkin 2023 kuma aka dakatar da RFI. Facebook da TikTok sun ba kowa baki, amma sun ba ƙarya ƙafa, kuma mai kuɗi na iya hayar ɗaruruwan bakuna a can fiye da yadda yake yi a rediyo.

Akwai abu guda da har yanzu Arewacin Najeriya ba ta yi nisa a kansa ba, maƙwabciyarta kuwa ta yi. Tun 1999, da aka buɗe ta Bankilare mai aiki da hasken rana, Nijar take kafa rediyon karkara, mallakar mutanen gari, yau suna da fiye da ɗari. Najeriya sai a 2015 ta ba da lasisin farko ga al'ummomi 17 a duk faɗin ƙasar. Gidajen da muke da su kusan duk a manyan birane suke, na gwamnati ne ko na attajirai da 'yan siyasa. Ya kamata ƙungiyoyin ci gaban gari da ke tara kuɗi su gina masallaci da asibiti da makarantar Islamiyya, su sa rediyon garinsu cikin lissafi, su nemi lasisi, su kuma matsa wa 'yan majalisarsu a sauƙaƙa sharuɗɗansa. In an samu, a ba manoma da mata da matasa fili su yi shirinsu da wasanninsu da kansu, a kuma gayyato shugaban ƙaramar hukuma duk wata ya zauna ya amsa tambayoyinsu.